Haƙori na shida

Watana biyu da fara koyon aikin jinya a ɗakin haƙori na wani asibiti a Garwa na tafka kuskuren da har yau nake jin kunyarsa. Wata Hajiya ce ta kawo jikanta ɗan shekara 7, kumatu a kumbure. Na leƙa bakin, na ga turmi can ciki ya yi kogo, baƙi ƙirin. Da yake yaron yana cikin famfara, ga giɓi a gaba kamar ƙofar gari, sai na ce, “Hajiya, kwantar da hankalinki, na nono ne, zai faɗi wani ya fito.”

Likitar da nake ƙarƙashinta tana wanke hannu, ko juyowa ba ta yi ba. Ta ce, “Ƙanwata, ƙirga mini daga tsakiya.” Na ƙirga: ɗaya, biyu, fiƙa, turmi, turmi. Mai kogon shi ne na shida.

Haƙoran nono 20 ne, wato biyar a kowane ɓangare, sama da ƙasa. Na gaba biyu na ƙasa kan fara hudowa wajen wata 6, kafin shekara 3 sun cika. Duk wanda ya zo bayan na biyar na girma ne, ba shi da magaji. Shi na shidan nan a ɓoye yake zuwa, wajen shekara 6, ba tare da wani ya faɗi ya ba shi wuri ba. Shi ya sa iyaye ba sa lura da shi. Hankali duk yana kan giɓin gaba, ana tsokanar yaro ya rufe baki kada ƙadangare ya gani, alhali can baya shayi mai sukari da alewar ƙofar makaranta suna ta ɓarna.

Na karanta wannan a aji, har na ci jarrabawa a kansa. Amma a takarda haƙora a jere suke da lambobinsu. A bakin yaro mai kuka, ga yawu, ga harshe yana ture madubi, sai ka ƙirga da gangan.

Ko na nonon ma, “zai faɗi” ba hujja ba ce. Turamen nono sukan kai shekara 10 zuwa 12 a baki, suna riƙe wa na ƙarƙashinsu fili. Na girman ne ke cinye saiwarsu a hankali, shi ya sa haƙorin famfara ke fita kusan ba saiwa. In aka cire shi da wuri, maƙwabta su karkato, sabon ya rasa hanya, ya fito a gicciye.

An yi sa'a ruɓar ba ta kai ga a cire ba, aka share aka cike. Da za su tafi Hajiya ta dube ni ta ce, “'Yata, ni ma da na haifi tara ban san da shi ba.” A daren nan na haska bakin ƙanena da fitilar waya. Nasa na shidan, su huɗu, duk sun fito, ɗaya har ya fara ɗigon baƙi.