Darussa daga teburin gyaran tsofaffin agoguna masu sulke

Duk wanda ya daɗe yana buɗe tsofaffin agogunan hannu na alfarma ya san cewa gidan da aka ƙera don ya kare inji shi ke fara tsufa. Idan kuwa ya tsufa, ɓarnar da yake yi wa injin takan fi kariyar.

A ɗauki Oyster na Rolex, wanda ya fito a 1926. Dabararsa ita ce komai a murɗe yake: murfin baya, da zoben da ke riƙe gilashi, da maɓallin gefe da ake saita lokaci da shi. A 1927 'yar ninkaya Mercedes Gleitze ta shafe sama da awa goma da shi a cikin tekun da ya raba Ingila da Faransa, ruwa bai shiga ba. Wannan labari ne ke yaudarar masu sayen tsoho. Abin da ke tare ruwa zoben roba ne a ƙarƙashin murfi da cikin bututun maɓalli, roba kuwa tana bushewa, ko ta narke ta zama kamar kwalta. Daga nan danshi zai shiga, gidan kuma a toshe yake, ba hanyar fita. Sai ya zauna yana cin inji a hankali.

Gwajin danshi ba shi da wuya. A ɗumama agogon zuwa digiri 40 ko 45 a ma'aunin Celsius, a ɗiga ruwan sanyi a kan gilashin, a jira minti ɗaya, a share. In raɓa ta bayyana daga ciki, a buɗe shi ranar, kada a bari ya kwana. Bayan an sa sabon zobe da ɗan giris na silikon, a gwada shi da matsin iska tukuna, ba da ruwa ba. Ko ya ci gwajin, agogon da ya haura shekara hamsin a cire shi kafin alwala. Wanke hannu sau biyar a rana na iya kai danshi cikinsa.

Inda aka fi samun ɓarna shi ne kwarmin da zoben ke zama a ciki. Gumi mai gishiri na taruwa a wurin, ya huda ƙarfen da ake cewa ba ya tsatsa, ya bar ƙananan ramuka kamar cin gara. Ramukan nan ko sabon zobe ba ya toshe su; sai dai a cike su da walda ta lesa, sannan a sake daidaita wurin.

Maɓalli ma da nasa darasin. Haƙoran murɗinsa sirara ne, kuma masu agogo sukan danna da ƙarfi su murɗa a karkace. A fara juya shi baya a hankali har a ji ya faɗa gurbinsa, sannan a murɗa gaba. In ya kama da rabin juyi kawai, bututun ya cinye, a canza shi. Murfin baya kuma yana da mabuɗinsa mai haƙora daidai girmansa, milimita 29.5 ga da yawa daga na maza. Wanda ya sa masa filaya ya bar tabon da ba ya gogewa.

Reverso na Jaeger-LeCoultre wata hanya ya bi. An ƙera shi a 1931 saboda hafsoshin Birtaniya masu wasan folo a Indiya, waɗanda gilashin agogonsu ke fashewa a fili. Ana tura shi gefe a cikin shimfiɗarsa, a kifa shi, bayan ƙarfe ya fuskanci waje. Kariyar duka ce kurum. Na farkon ba su tare ruwa, sai da aka sake fasalin gidan a 1985. Ƙura tana taruwa a layin da yake zamewa, ta haɗu da gumi ta zama kamar yashin goge ƙarfe. Shi ya sa tsoho ke karkarwa ko ya ƙi kullewa. Buroshi mai taushi ya isa. Kada a ɗura mai, mai ƙura yake kira.

Sai masu kare inji daga maganaɗisu, irin su IWC Ingenieur na 1955 da Rolex Milgauss na 1956, wanda aka yi ya jure gaus 1,000 (gaus ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ne). A cikinsu akwai gida na biyu na baƙin ƙarfe mai taushi da ya rufe injin ta kowane gefe. Murfin cikin nan yakan ɓace a hannun masu gyara, kuma ba shi ba kariya. Agogon da ya fara gudun mintoci a rana, a kusanto masa da kamfas kafin a kwance komai. In allurar ta motsa, maganaɗisu ne ya manne siririn sifirin da ke daidaita gudun agogon, na'urar cire shi kuma daƙiƙoƙi take ɗauka.

Goge gidan agogo da na'ura don ya yi ƙyalli kuskure ne da ba ya gyaruwa, domin ƙarfe ake ci. Kunnuwan da ke riƙe maɗauri su sirance, kusurwoyi su mutu, kuɗin agogon ya faɗi. Masu tara irin waɗannan sun fi son karce na asali.

Agogunan da aka yi kafin wajejen 1960 kuma, fentin da ke haske da dare a fuskarsu da hannayensu galibi na radiyam ne, wani sinadari mai cutar da jiki. Hasken ya mutu tuni, amma radiyam ɗin yana buƙatar kusan shekara 1,600 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi. Ba a hura irin wannan fuska da baki, ba a kankare ta. A sa safar hannu, a shimfiɗa takarda mai ɗan danshi a kan tebur ta kama garin da ya zuba, a wanke hannu kafin a taɓa abinci.