Ranar da na riƙe sakamako sau biyu

Na isa ɗakin gwaji na asibiti ƙarfe bakwai da rabi. Kamar kullum, kafin jinin kowa ya shiga na'ura sai na fara da kwanturol, wato ruwan gwajin da kamfani ya riga ya faɗi abin da ya kamata ya bayar. Na sa mai ƙaramin adadi da mai babban adadi, kuma a gwajin sukari duka biyun sun haura layi na biyu ta sama a jadawalin Levey-Jennings, zanen da ke nuna nisan sakamakon kwanturol daga adadin da ake tsammani. Da ɗaya ne kawai ya leƙa, da sai in ce gargaɗi ne. Amma biyu a gefe guda, ƙa'idar Westgard da ake kira 2-2s ta ce a tsaya. Tun 1981 James Westgard da abokan aikinsa suka fitar da waɗannan ƙa'idoji, har yau su ne ke hana mu yaudarar kanmu.

Yarinyar da ke koyon aiki a wurina ta ce, "Malam, ai kaɗan ne ya wuce, a sake sawa mana ko zai shigo." Na gane abin da take ji, don kwalabe sun taru a kan tebur. Na ce mata, "Ƙanwata, in muka yi ta maimaitawa har ya shigo, na'urar ba ta gyaru ba, sa'a kawai muka ci." Muka duba littafi, sai ga shi an buɗe sabon rukunin sinadarin gwajin sukari jiya da dare, ba a daidaita na'ura da shi ba. Muka daidaita, muka sake kwanturol, ya zauna tsakiya. Kusan minti arba'in suka tafi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya zo bayan azahar. Jinin wani dattijo daga ɗakin kwanciya ya ba da potasiyam 8.4, alhali a lafiyayyen mutum tsakanin 3.5 da 5.0 yake. Adadi irin wannan yana iya tsayar da zuciya, don haka ba abin ajiyewa ba ne. Na ɗaga kwalbar na duba ruwan jinin a haske. Da jajayen ƙwayoyi sun fashe, da ya yi ja, kuma da na san dalili, domin mafi yawan potasiyam a cikin ƙwayoyin yake. Amma garau yake. Sai na dubi kalsiyam: ya faɗi ƙasa warwas, irin faɗuwar da mai rai ba ya kwana da ita. Nan na fara zargin EDTA, sinadarin da ke cikin kwalba mai shunayyar murfi ta ƙirgen ƙwayoyin jini. Shi gishirin potasiyam ne, kuma aikinsa ya kama kalsiyam don jini kada ya daskare. Ɗigo kaɗan ya shiga kwalbar da ba tasa ba, sai ya ɗaga potasiyam ya kayar da kalsiyam.

Na kira likita nan take. Na ce, "Likita, ga abin da na'ura ta bayar, kuma ga abin da nake zargi. A duba zuciyarsa, a sake ɗibo mana jini yanzu." Bai ji daɗi ba, ya ce dattijon jijiyarsa da wuyar samu. Gaskiyarsa ce. Amma da an ba shi insulin da sukari don sauke potasiyam ɗin da bai hau ba, da mu ne muka jefa shi cikin haɗari. Sabon jinin ya ba da 4.3, kalsiyam lafiya lau. Daga baya ma'aikaciyar jinyar da ta ɗebi jinin farko ta gaya mini da kanta cewa jini bai isa ba, sai ta tsiyaya daga wannan kwalba zuwa waccan. Ban ga laifin zuciyarta ba, tausayin tsohon ne ya sa. Ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya faɗa mata dalilin hanin, wannan kuwa gazawarmu ce.

Mutane na ɗauka kuskuren gwaji daga na'ura yake fitowa, amma binciken Mario Plebani, masanin gwajin asibiti, da wasu ya nuna galibinsa kafin jini ya iso gare ta ake yi: wajen ɗiba, rubuta suna, ko kawowa. Shi ya sa ISO 15189, ma'aunin ingancin ɗakunan gwajin asibiti na duniya, wanda aka sabunta a 2022, ya bi samfuri tun daga hannun mara lafiya har sakamako ya kai ga likita. A da takardunsa nauyi suke yi mini. Yau da na zauna cike fom ɗin kuskure, a gurbin matakin gyara na rubuta cewa zan je ɗakin kwanciya in nuna jerin cika kwalabe, wato wadda ake fara zuba wa jini da wadda ke biye. Shugabar masu jinya ta ba ni ranar Alhamis, lokacin canjin aiki, minti goma sha biyar.