Tsaida soji a kan hanya: yadda muka yi aikin a Damagaram

Tun da na aje kaki tambayar da aka fi yi mani a fada ita ce wai in soji ya zuba gudu a cikin gari wa ya isa ya tsaida shi, kuma wai da gaske ne ba ya biyan amandi. To ni jandarma ne da, na yi wannan aikin da hannuna a nan Damagaram, kuma rabin abin da ake faɗa a gari zancen bakin shayi ne kawai.

Mutane na mantawa jandarma shi ma soji ne. Muna ƙarƙashin ministan tsaro kamar FAN, wato rundunar sojan Nijar, polis da gardi su ne ke wajen ministan cikin gida. Amurka da Najeriya suna da 'yan sandan soja nasu daban, mu nan aikin sa ido kan sojoji wuyan jandarma yake faɗowa. Ga Damagaram garin soji ne tun zamanin Faransa, nan ne cibiyar zon ta 3 ta tsaro, kuma tun watan Fabrairu na 2015 da Boko Haram suka kai hari Bosso da Difa ayarin motocin soji ba su daina bin babbar hanyar RN1 ta cikin garinmu ba, ka haɗa da tankokin mai masu saukowa daga matatar mai ta SORAZ ta hanyar Tanut, ka haɗa da kabu-kabu da adaidaita da amalanke, sai ka gane abin da nake nufi.

A cikin bariki abin ya fi sauƙi. Komandan wurin ne ke sa iyakar gudu da takarda a liƙa a bakin ƙofa, a inda na yi aiki kilomita 20 ne a awa, saboda gidajen iyali na nan ciki yara na fitowa lekol suna tsallaka hanya ba sa duba ko'ina. Ba mu da rada lokacin. Abin da wani tsohon lajidan ya koya mana shi ne ka auna mita 100 tsakanin turakun wuta biyu, mutum ɗaya ya tsaya da agogo, ɗaya can gaba. Mai tafiya 20 zai ci kamar daƙiƙa 18 kafin ya cinye wurin, mai 50 daƙiƙa 7 da ɗan abu, in ka ga ya wuce cikin 4 to 90 yake yi, ba sai an yi musu ba. Wannan ba hujjar kai wa alƙali ba ce, amma a bariki ta isa, don can ba kuɗi ake karɓa ba, suna ake rubutawa a kai wa komandan kampaninsa. A amshe makullin moton, a hana shi fita, fermisiyon da yake ta lissafi na zuwa gida salla ya tashi, in ya maimaita ya kwana ɗakin horo. Yaran da suka fi ba mu aiki su ne waɗanda suka dawo daga daji da 'yan kuɗinsu suka sayi sabon moto, wallahi wani ko lamba bai sa ba ya fara tashin ƙura.

Da ka fito ƙofar bariki kuwa dokar hanya guda ce, wadda aka sake a 2014, kuma babu inda ta ce banda mai kaki. 50 a cikin gari 50 ne ga Alhaji mai kanti, 50 ne ga kapitan. Tambayar farko da nake yi in na tsaida soji ita ce: kana bakin aiki ne ko kana sha'anin gabanka? Duk sauran maganar a kan amsar nan take ginuwa. In motar soji ce ya ce aiki ne to ya nuna takardar misiyo da littafin motar inda aka rubuta wa ya ba da izini, ina za shi, ƙarfe nawa ya fita. In moton kansa ne to permi, kart giriz, asirans, kaske, daidai da ɗan kabu-kabun da na tsaida kafin shi.

Na tuna wani yaro a hanyar Mirriya ranar Lahadi, ranar kasuwarsu, hanya cike da mata da jakuna da masu koro awaki. Ya taho da wandon kaki da rigar gida, ba kaske, ya goyo abokinsa, yana ratsa mutane yana danna oda kamar an biyo shi. Na ɗaga hannu ya tsaya, ko kashe moton bai yi ba ya zaro katin aikinsa ya miƙo, ya ce shef na gida ne. Na ce na gani ƙanena, kashe moton ka sauko. Ba permi na farar hula, sai na soja, wanda motar soji aka ba shi don ya tuƙa, asirans kuma ta mutu tun bara. Na rubuta masa pebe, wato takardar laifi, kamar kowa, moto ya tafi furiyar inda ake aje abin hawan da aka kama, na kuma ce masa kwafi zai je wa komandanka. A nan ne jikinsa ya yi sanyi. Amandin bai dame shi ba ko kaɗan, roƙonsa duka a kan takarda ta biyun ne, shef dan Allah ka rufa mani asiri ina jiran galo. Abin da masu gardamar fada ba su sani ba ke nan, farar hula in ya biya amandi ya gama ya tafi gida, soji kuwa bayan ya biya akwai wani horon na jiransa a bariki, kuma wannan yana shiga dosiyensa ya zauna.

Sai maganar in an yi hatsari, nan ne mutane suka fi ruɗewa. Muna da dokar shari'ar soja tun 2003, an yi ta ne bayan boren da sojoji suka yi a Difa da Ngigmi a 2002, kotun tana Yamai. Aikinta laifin soja zalla, irin gudu daga aiki da ƙin bin umarni, da kuma laifin da soji ya yi a cikin bariki ko yana bakin aiki. Amma sojan da ya fito yawonsa da dare ya buge mutum a Sabon Gari ko gaban kasuwar Dole, konsta za a yi masa, wato a auna wurin hatsarin a rubuta yadda ya faru, takarda ta je hannun mai gabatar da ƙara a nan gidan shari'ar Damagaram kamar ta kowa. Wajen diyya ma akwai bambanci, dokar asirans ta CIMA da ƙasashenmu ke bi ta tilasta wa kowa yin asirans banda gwamnati, ita ke ɗaukar nauyin motocinta da kanta. Ke nan in motar soji ce ta buge ka a bakin aiki gwamnati za ka bi, in moton kansa ne kamfanin asirans ɗinsa, in ba shi da ita to aljihunsa.

Kuma duk wannan ba ya yiwuwa in ba konsta. Sau nawa muna isowa mu tarar an ja motar gefe, an ɗauki wanda aka buge an kai gida maimakon likita, dattijai sun taru an ce ƙaddara ce a yafe. Wani tsoho da aka karya wa jika a ƙafa ya riƙe hannuna ya ce ɗana mu talakawa ina mu ina shari'a da soji. Na ce Baba ba faɗa za ku yi da kowa ba, ku bari in auna in rubuta, ku karɓo takardar likita, in kun ga dama daga baya ku yafe. Yafiya abu ne mai kyau ban hana ba, amma wanda ya yafe don tsoro ba yafewa ya yi ba, kuma in ƙafar ta ƙi ɗoruwa bayan wata uku babu wanda zai saurare shi ba takarda.

Ayari kuma nasa daban ne. Jiniya da fitila suna ba su hanya, kamar motar marasa lafiya da ta 'yan kwana-kwana, kuma akwai wuraren da tsayawa ko tafiyar hawainiya hatsari ne gare su, wannan na sani ba sai an gaya mani ba. Ba ka tare ayari a tsakiyar hanya, hauka ne. Lambar mota kake ɗauka da lokaci da wuri ka rubuta rahoto, shugaban ayarin ne zai amsa. Amma tsakar kasuwar Mirriya ba fagen daga ba ne, mota in ta ninka gudu nisan da za ta ci kafin birki ya tsaida ta ninki huɗu ne, balle kamyo cike da mutane da kaya.

Abin da ya fi wuya shi ne tsaida wanda ya fi ka galo. Na koyi in ƙame in sara masa tukuna, in faɗi laifin da murya ƙasa-ƙasa yadda mutanen gefe ba za su ji ba, kar in ja musu ko ya ɗaga murya. Da yawansu in ka ba su girmansu su ma sukan ba aikin girmansa. Wanda ya taka mota ya wuce ban taɓa bin shi ba, rahoto nake rubutawa a daren in aje kwafi. Ba zan ce maku duk rahoton ya kai inda aka aika shi ba, akwai wanda waya ɗaya daga sama ta kashe shi tun kafin gari ya waye, kuma har yau abin na ci mani rai. Amma akwai direban wani babba da aka sauke daga mota aka maida shi gadin ƙofa saboda rahotanni uku da suka taru a kansa, biyu daga birgad ɗinmu, ɗaya daga polis na cikin gari.