Fim ɗin da ya tsere daga Chile ta jirgin ruwa

Na daɗe ina bin finafinan da ke ɗauko rikicin siyasa a zahiri, kuma babu wanda na fi komawa kansa kamar La batalla de Chile, wato Yaƙin Chile, na Patricio Guzmán, mai shirya fim ɗan ƙasar. Kashi uku ne, baƙi da fari, sun fito a 1975 da 1976 da 1979, a kan watannin ƙarshe na gwamnatin Salvador Allende, ɗan gurguzun da ya ci zaɓe a 1970 ya kuma mayar da ma'adinan tagulla hannun gwamnati.

Abin da kowa ke tunawa shi ne ƙarshen kashi na farko. Ranar 29 ga Yunin 1973 wasu sojoji masu yunƙurin kifar da gwamnati sun fito da tankoki a Santiago, babban birnin ƙasar, wani mai ɗaukar hoto ɗan Ajantina, Leonardo Henrichsen, ya saita musu kyamara, su kuma suka saita masa bindiga. Hoton ya karkata. Mutumin ya ɗauki harbin da ya kashe shi.

Ni kuwa tarukan ma'aikata ne suka kama ni. Direbobin manyan motoci sun shiga yajin aiki, kaya sun yi ƙaranci, sai ma'aikata suka riƙe masana'antu da kansu, unguwanni suka kafa kwamitocin raba abinci. Kyamara ta shiga ɗakin taro ta zauna. Wannan ya miƙe ya ce a ba talaka makami tun kafin soja ya motsa, wancan ya ce a bi doka, kada a ba soja hujja. Dukkansu mutanen Allende ne, amma kamar za su cinye juna. Kai mai kallo ka san abin da ke tafe ranar 11 ga Satumban 1973, ranar da soja ya kifar da gwamnatin Allende, su ba su sani ba. Wallahi wannan ya fi min nauyi a kan hoton jiragen yaƙi suna ruwan bama-bamai a La Moneda, fadar shugaban ƙasa.

Guzmán yana da ɓangare, bai kuma ɓoye ba. Mai sharhin fim ɗin da harshen 'yan gurguzu yake magana, wani lokaci har ya gundure ni. Duk da haka ya miƙa makirufo ga masu adawa a kan titi, sun faɗi ƙiyayyarsu da bakinsu. Na fi yarda da irin wannan a kan fim mai da'awar ba ruwansa da kowa alhali ya tace abin da bai so.

Bayan juyin mulkin Janar Augusto Pinochet an tsare Guzmán a babban filin wasa na Santiago. Faifayen kuwa an fitar da su a ɓoye da taimakon ofishin jakadancin Suwidin, ta jirgin ruwa, aka haɗa fim ɗin a Kuba. Jorge Müller, wanda ya riƙe wa Guzmán kyamarar fim ɗin, jami'an tsaro sun kama shi a Nuwamban 1974, kuma har yau ba a sake ganinsa ba.