Kafin Ka Biya Kuɗin Tsohuwar Chevelle, Bari In Shiga Ƙarƙashinta

Garejina yana Greensboro, a Arewacin Karolina. Muna gyaran motocin yau da gobe kamar kowa, amma aikin da ya sa ake kirana daga wasu jihohi shi ne duba tsofaffin motocin ƙarfi na Amurka kafin mai saye ya biya. Ina nufin irin motocin nan masu matsakaicin jiki da ƙaton inji mai silinda takwas, waɗanda Pontiac GTO ta buɗe wa hanya a 1964. Zamaninsu bai yi tsawo ba. Kuɗin inshora ya hau, dokar hayaƙi ta matse inji, rikicin man fetur na 1973 ya ƙarasa su. Tunda ba za a sake ƙera su ba, kuɗi ya taru a kansu, kuma inda kuɗi ya taru ba a rasa masu haɗa jabu.

Abu na farko da nake son sani shi ne ko motar ita ce wadda aka ce. Chevelle SS 454 ta 1970, wato samfurin ƙarfi na Chevelle ta kamfanin Chevrolet, ita ce ta fi ba da wahala. Daga 1966 zuwa 1968, lambar shasin SS 396 da 138 take farawa, kana gani ka huta. A 1970 kuwa SS ƙarin kaya ne da ake zaɓa a kan Malibu, wato Chevelle ta gama-gari, lambar shasi ba ta nuna ko SS ce. Duk wanda ya samu Malibu, ya sayi tambarin SS, ya sauya bonet, ya zana baƙaƙen layuka biyu, to ya yi motar da ido ba zai rarrabe ba. Masu injin LS6, mai ƙarfin doki 450, guda 4,475 kamfani ya fitar a shekarar. Mu a sana'ar muna raha cewa waɗanda ke yawo yau sun fi haka yawa.

Don haka sai in nufi injin. A gaban bulo, wato gangar jikin inji, ɓangaren fasinja, akwai wani ɗan fili sumul inda ma'aikata ta buga lambobi. Ina goge shi da fetur da tsumma, ba na sa takardar gogewa ko kusa, sannan in kwantar da hasken tocila a gefe yadda kowane zane zai yi inuwa. Ina neman haruffan da ke nuna irin injin, CRV ga LS6 mai giyar hannu, CRR ga mai otomatik, da guntun lambar shasi da ya kamata ya dace da ta motar. Amma lambar kaɗai ba ta ishe ni ba, domin ƙarfen buga lamba ana sayar da shi. Fatar ƙarfen nake karantawa. Na'urar sassaƙa ta ma'aikata tana barin siraran layuka miƙaƙƙu daga gaba zuwa baya. Idan an kai bulo wurin masu injin sassaƙa aka share fuskarsa, layukan sai su zama masu lanƙwasa, kuma duk lambar da ke zaune a kan irin wannan fuska, bayan shara aka buga ta. Daga nan in leƙa bayan bulo in ga ranar da aka zuba ƙarfensa. Injin da aka zuba bayan an gama haɗa mota ba nata ba ne, ko mai ita ya rantse da me.

Takarda tana taimakawa idan akwai. Ma'aikatan haɗa mota sukan cusa takardar odar a cikin sifirin ɗin kujerar baya, ko ƙarƙashin kafet, ko saman tankin mai. Ta gaskiya tana zuwa da tabon tsatsar sifirin, tana karyewa a hannu. Yanzu har ita ana bugawa a jiƙa da shayi.

Sauran kamfanonin sun fi sauƙi. Dodge Charger R/T ta 1969 da XS29 lambarta ke farawa, ta gama-gari XP29, harafi na biyar kuma shi ke faɗin inji, L ga 440, J ga 426 Hemi. Mustang daga 1967 ana samo mata rahoton Marti, wato bayanin yadda ta fito daga ma'aikata, daga kundin Ford. GTO kuma PHS, masu adana bayanan motocin Pontiac, na fitar da kwafin takardarta ta asali. Mai mota da ya ƙi a nemo waɗannan ya riga ya ba ni amsa.

Ni ba na ƙin motar da aka kwaikwaya. Malibu mai kayan SS tana da daɗin tuƙi, ba ka fargabar fita da ita, kuma na haɗa wa mutane irinta da hannuna. Abin da ba na yarda da shi shi ne a sayar da ita a kuɗin ta asali.

Hannun gane aibin jikin mota a Panteka ta Kaduna na same shi, wurin wani dattijo mai gyaran bodi, Allah ya jiƙansa. Fijo 504 ce abincinmu a lokacin, da akori-kura 404. In aka kawo mota, ba ya bari mu taɓa guduma. Sai ya ce, "Yaro, rufe idonka, bi ta da tafin hannu." Tun muna ganin wasa ne har muka fara jin inda ƙarfe ya yi tudu, inda aka cike rami da fila, inda fenti ya yi kauri. Yana ƙwanƙwasa ƙofa da bayan yatsa ya gaya maka hatsarin da ta yi kafin mai ita ya buɗe baki. Yau ina da na'urar auna kaurin fenti, ina kuma amfani da ita don in rubuta wa mai saye adadi, amma kafin in ciro ta hannuna ya riga ya gano wurin.

Abin da Kaduna ba ta koya mini ba shi ne gishiri. A Mishigan da Ohayo da sauran jihohin sanyi, gishiri ake watsa wa titi don narkar da ƙanƙara, shi kuwa yana cin mota daga ciki. Shi ya sa motar Arizona ko Kalifoniya ke da nata farashi. Tsatsa tana da wuraren kwananta: kasan but, bayan tayoyin baya, gindin gilashin baya, ƙarƙashin rufin leda inda za ka ji ƙuraje idan ka shafa. A tsohuwar Mustang ina zuba ruwa a ragar da ke gaban gilashi in koma ciki in ɗaga kafet. In ruwa ya sauko kan ƙafar direba, akwatin iskar ya ruɓe, gyaransa kuwa sai an farke gaban motar. A Charger da 'yan'uwanta, da yake jiki da shasi haɗe suke, ina danna sukundireba a ƙarafan ƙasa na baya da inda sandunan sifirin gaba suke kamawa. Baƙin kwalta sabo fil a ƙarƙashin motar da ta haura shekara hamsin, ɓoye wani abu yake. Na taɓa ciro ragar waya da jarida daga bayan taya, an shafe su da fila an fesa ja mai sheƙi.

Kuma kada wani ya ce maka ai sabbin fale-falen ƙarfe suna nan da arha. Suna nan, amma da yawansu sirara ne, layinsu ba ya haɗuwa da na ƙofa. Sai ka yanka, ka ƙara, ka yi walda, ka daddaka kafin su zauna. Na sha mayar da kaya ga masu kawo mana su, a sake aiko da wanda ya fi na farko karkacewa.

Inji shi ne mafi arha a cikin matsalolin, ko da yake shi masu saye suka fi tsoro. Ina auna matsin kowace silinda, in kalli hayaƙin salansa, in ga ko matsin mai yana faɗuwa idan ya yi zafi. Agogon tafiya kuwa lamba biyar gare shi, yana komawa sifili bayan mil dubu ɗari, don haka robar feda da kujerar direba sun fi shi gaskiya.

Sai farashi. Jadawalin farashi na Hagerty, kamfanin inshorar tsofaffin motoci, ya kasa mota hawa huɗu, na ɗaya ta gasar nuni, na huɗu wadda ke tafiya da aibobinta a fili. Yawancin waɗanda ake kirana a kansu 'yan hawa na uku ne ko na huɗu, amma mai su ya kalli gwanjon Mecum ko Barrett-Jackson a talabijin, ya ji motar Plymouth Hemi 'Cuda ta 1971 mai buɗaɗɗen rufi ta tashi dala miliyan 3.5 a 2014, sai ya ɗora wa tasa kuɗin hawa na ɗaya. Ni lissafina ɗaya ne. In ɗauki abin da irinta ta sayu a kwanan nan, ba abin da ake nema ba, in cire kuɗin ƙarfe da fenti da duk abin da ba na asali ba. Abin da ya rage shi ne tayi.

Abin takaicin, mutumin da zai zuba dubban daloli a mota shi ne zai tsaya ciniki da ni a kan kuɗin dubawa. Wani ɗan'uwanmu ya ce mini, "Haba Oga, kallo ne fa kawai, a yi mana na gida." Na ce, "Alhaji, kallon ne sana'ar. In kallo kawai kake so, ga hotunan da mai motar ya turo maka, kyauta ne." Ya yi dariya ya biya, motar kuma ta fito Malibu ce mai injin wata shekarar.

Wanda zai kira ni, ya gaya wa mai mota tun da wuri: kada a tayar da inji kafin in iso, domin da sanyinsa nake son jin sa, kuma a samar mini inda zan ɗaga ta. Za ka karɓi rahoto a rubuce da hoton kowace lamba da kowane rami, da farashin da nake ganin ya dace. La'ada kuwa ba na karɓa daga mai sayarwa, ko ya bi ni da ita har mota.