Kwana huɗu a Kalaba, babban birnin jihar da kotu ta ce ba ta da teku

Ni fa ba yawon buɗe ido ne ya kai ni Kalaba ba, takardar gadon gona Baba ya ba ni in kai wa Kawu ya sa hannu, shi kuwa Kawu ya fi shekara talatin yana canji a Bogobiri, in ka ce ya zo gida sai ya ce bayan sallah, sallar da har yau ba ta zo ba. Na kwana a Abuja, da asuba muka ɗau hanyar Lafiya, Makurɗi, Gboko, Ogoja, Ikom, wajen Ugep fanbel ya tsinke ana tsuga ruwa kamar da bakin ƙwarya, awa uku muna zaune a mota direba na ta rantsuwa wai jiya-jiya ya saka shi. Sai sha ɗayan dare muka shiga gari, kuma abin da na fara karantawa a allo sunan Murtala ne, babban titin shiga garin sunan shi ne. Ashe shi ya raɗa wa jihar suna Kuros Riba a Fabrairun 1976, kwana goma kafin a kashe shi, da can jihar Kudu maso Gabas ake kiranta tun da Gowon ya ƙirƙiro ta a 1967.

Bogobiri kam kamar ka ɗauko wani lungu na Fagge ka ajiye, ga masu tsire ga 'yan canji ga kiran sallah. Da safe Kawu ya sa hannu cikin minti biyu, ya ce tunda ka sha wannan wahalar ba za ka koma ba sai ka ga gidan Razdan.

Gidan yana kan tudu yana kallon kogi, yanzu gidan tarihi ne. Na katako ne, a Biritaniya aka ƙera shi aka lodo shi a jirgin ruwa gunduwa-gunduwa aka harhaɗa a 1884, in kana hawa bene matakalar na ƙara a ƙarƙashin ƙafarka sai ka ji kamar za ta burma amma ko gezau. Mai zagayawa da mu ya ce nan ne babban birnin Najeriya na farko, na yi murmushi don mutanen Lokoja da Zungeru ma haka suke faɗi, gaskiyar magana dai hedikwatar Turawa ce ta Kudu har 1906 da suka koma Ikko. A ciki akwai sarƙoƙin bayi da kayan cinikin manja, don da aka hana sayar da mutane manja 'yan kasuwar Efik, ƙabilar garin, suka koma sayar wa Turawa.

Amma abin da ya tsaya min a rai labarin Sarkin Binin ne, Ovonramwen. A 1897 Turawa suka ci garin shi, suka kwashe kayan tagullar fadar, shi kuma suka kawo shi nan Kalaba, bai sake ganin Binin ba har ya rasu a Janairun 1914, watan da Lugga ya haɗe Kudu da Arewa. Ina tsaye gaban hoton shi sai Sarki Alu ya faɗo min, da Kano ta faɗi a 1903 shi ma haka aka yi mai, aka kai shi Yola aka wuce da shi Lokoja, can ya rasu a 1926. Na faɗa wa Kawu, ya yi shiru ya ce kai ɗan nan, ai shi Bature in ya kama sarki bakin ruwa yake kai shi, inda jirgin shi ke tsayawa. Mun taso muna jin labarin namu kamar mu kaɗai aka yi wa.

Da muka fito a wani shataletale na ga gunkin wata Baturiya riƙe da jarirai biyu. Mary Slessor ce, 'yar Sikotilan, ma'aikaciyar masaƙa da ta zo aikin mishan a 1876, ta koyi Efik, ta dinga ɗauke 'yan biyun da ake jefarwa tana rainon su har ta mutu a 1915, kabarinta na nan garin. Mu da Hassan da Usaini abin murna ne a wajenmu abin ya min banbarakwai. Mun leƙa makarantar Hope Waddell ta 1895 inda Azikiwe ya yi karatu, filin jirginsu kuma sunan mace ne, Margaret Ekpo, 'yar gwagwarmaya irin su Hajiya Gambo Sawaba.

Ranar ƙarshe muna zaune a Marina bakin kogi, ga jiragen ruwa na wucewa, na ce Kawu wallahi kun ji daɗi ga teku a ƙofar gida, sai ya kwashe da dariya ya ce a takarda ba mu da shi. Kotun duniya ta ba Kamaru Bakassi a 2002, aka kammala miƙawa a Agustan 2008, sai a 2012 kotun ƙoli ta ce tunda Bakassi ta tafi jihar ba ta taɓa teku kuma, rijiyoyin mai 76 suka zama na Akwa Ibom, wadda daga jikin Kuros Riba aka cire ta a 1987. Na kalli ruwan na kalli Kawu, na rasa ta cewa.

Jarkar manja ya haɗo ni da ita tsarabar Umma, murfin bai rufu da kyau ba, kafin mu kai Ikom ta ɓata min shadda, Allah Ya sa takardar gadon tana cikin leda.