Mako na uku da gwajin sau ta hanyar ninkawa

'Yan'uwana masu koyon koyar da lissafi, yau mako uku ke nan ina gwada wasu hanyoyin yin sau tare da yara shida 'yan aji huɗu da nake yi wa darasin yamma a zaurenmu. Abin da ya sa na shiga wannan gwaji shi ne wata yarinya da ta iya tarawa sarai, amma da zarar an ce bakwai sau takwas sai ta sunkuyar da kai, domin jadawalin sau ya ƙi zauna mata.

Hanyar da ta fi karɓar mu ita ce ta Misirawan da, wadda ke cikin takardar da magatakarda Ahmes ya kwafa wajen shekara ta 1550 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma a yau tana ajiye a gidan tarihin Birtaniya da ke Landan. Ba ta buƙatar komai sai ninkawa da tarawa. Da muka ɗauki 13 sau 24, na rubuta 1 a hagu da 24 a dama, muka yi ta ninka kowanne: 2 da 48, 4 da 96, 8 da 192. Daga nan muka nemi lambobin hagu da za su haɗu su ba da 13, wato 8 da 4 da 1, muka tara abokan zamansu na dama, 192 da 96 da 24, muka sami 312. Yarinyar nan ita ta riga kowa gamawa, har ta ce ai haka mahaifiyarta take ƙirga kuɗin mudun gero, na biyu, na huɗu, na takwas.

'Yar'uwar wannan hanya, wadda ake dangantawa da manoman Rasha, ta ba mu wahala. A 27 sau 15, ana rubuta 27 a hagu da 15 a dama, ana yi ta raba ta hagu biyu ana yar da saura, a sami 13, 6, 3, 1, ana kuma ninka 15 zuwa 30, 60, 120, 240. Sai a soke layin da lambarsa ta hagu cika ce, wato layin 6, a tara lambobin dama na sauran layukan, har da 15 ta farko, a sami 405. Amsa ta fito daidai, amma wani yaro ya tambaye ni inda ɗayan da muke yarwa yake tafiya, kuma laifina ne da ban fara da wannan bayani ba. Washegari na kawo ƙwallon dabino na jera tsibi biyar, uku-uku a kowane. Muka haɗa su bibbiyu, aka sami tsibi biyu masu shida-shida, tsibi ɗaya ya rage a gefe ba shi da aboki. Nan suka gane cewa wannan ragowar ita ce dalilin da ake tara layukan mara.

Na ɗan taɓa hanyar raga, mai gidaje kamar hatimi, amma zanen layukan ya cinye mana rabin lokaci, kuma tana komawa ga haddar jadawalin. Na jingine ta sai mako mai zuwa, bayan na zana musu gidajen a kwali tun daga gida, sannan mu fara da 46 sau 37.